Ƙyanƙyasar Ƙwan Kunkuru a Gida: Aikin Ƙasa da Iyakar Hannun Mai Kiwo

 

Mas'alar da na zo da ita gabanku ƙarama ce a ido, har la'alla wani ya ga ba ta kai a tara malamai dominta ba. Amma duk wanda ya san cewa ajiye kunkuru a gida tsohuwar al'ada ce a ƙasashenmu, tun daga gidajen sarauta har zuwa na attajirai da na masu sha'awar dabbobi, ya kuma san cewa macen kunkuru idan ta balaga takan zuba ƙwai goma sha biyar zuwa talatin a rami guda, wani lokaci ma ta haƙa rami fiye da ɗaya a shekara, lalle zai tambayi kansa ina waɗannan ƙwayaye suke tafiya, tun da yake ba a cika ganin 'ya'yan ba. Wasu ɓera da gafiya ke cinye su, wasu ruwa ke kashewa, wasu kuwa, waɗanda su ne suka fi ba ni tausayi, suna halaka ne a hannun mai gidan da ya nufi alheri, ya tono su da murna, ya wanke, ya jujjuya, ya kai su wuri mai ɗumi, domin iyakar abin da ya sani game da ƙwai daga kiwon kaji ya samo shi.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa guda ɗaya ne, wato a ƙasa irin tamu, wadda ita ce mahaifar wannan dabba tun fil azal, babu injin ƙyanƙyasar da ya kai ƙasar tsakar gida. Saboda haka asalin hukunci shi ne a bar ƙwan inda uwar ta binne shi a tsare shi, kada a tono sai da larura, idan kuwa larurar ta tilasta, to, wanda ya tono ya ɗauki aikin da ƙasa take yi ya aza wa kansa, ya zama wajibi a gare shi ya san wannan aiki dalla-dalla.

Kunkurun da ake magana a kansa

Wanda nake nufi shi ne babban kunkurun nan na Sahel, mai ruwan ƙasa, mai tsinin ƙaho a bayan cinyoyinsa, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, wanda kuma John Frederick Miller ya fara siffantawa a shekarar 1779. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, ba wanda ya fi shi sai na tsibiran Galapagos da na Aldabra, har an sami namijin da ya kai kilo 100. Mazauninsa ya miƙe daga Muritaniya da Sanigal, ya ratsa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, har ya dangana da Sudan da Iritiriya da Habasha, inda yakan haƙa rami mai tsawon mita da yawa ya fake wa zafin bazara. Sai dai yawansa a daji ya ragu ƙwarai, saboda garkunan dabbobi sun cinye makiyayarsa, ga gobarar daji, ga masu kama shi domin sayarwa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje domin ciniki, a shekarar 2021 kuma ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Da wannan dalili nake taƙaita maganata ga ƙwan da aka saka a gida; ɗebo ƙwai daga daji ɓarna ce a bayan ƙasa, ba ni da wata shawara a kanta illa a bari. Kififiya ta tabki da kogi kuwa, zan ambace ta inda hukuncinta ya sha bamban.

Abin da ke gudana a cikin ƙwai

Magabata sun yi tunani a kan wannan al'amari. Arisɗo, malamin Yunanawa, ya ambata a littafinsa na dabbobi cewa uwar takan binne ƙwanta, ta daddaɓe ƙasar, sa'an nan ta kwanta a bisa. Shaihu Kamaluddini Addamiri, malamin Misra wanda ya rasu a shekarar 1405, Allah ya jiƙansa, ya fi shi kusa da gaskiya, domin a cikin Hayatul Hayawan ya lura cewa ba ta da ikon yin kwanci, tun da ƙirjinta ƙashi ne mai tauri wanda babu ɗumi a cikinsa, sai dai ya kawo abin da aka yarda da shi a zamaninsa, cewa tana tsura wa ƙwan ido ne har Allah ya halicci ɗa a ciki. Dalilin da ya ambata ya inganta, maganar kallon ce jarrabawa ba ta tabbatar ba. Abin da aka shaida shi ne, bayan barbara a ƙarshen damina da kaka, uwar takan yi kwanaki tana kewaya tana gwada wurare, ta fara haƙa ta bari, har ta dace da inda ya kwanta mata; sai ta share faffaɗan gurbi da ƙafafun gaba, ta jiƙa ƙasar da fitsarinta, ta juya ta haƙa ƙaramin rami mai zurfin kimanin santimita 20 da ƙafafun baya, ta zuba ƙwayaye farare, kusan mulmulallu, masu taurin ɓawo, kowane ya ɗan haura santimita 4 a faɗi, ta mayar da ƙasa, ta tafi abinta. Daga nan rana da ƙasa su ne ke renon ƙwan da izinin Ubangiji.

Matan ƙauye sun saba sanya wa kaza ƙwan zabo ta ƙyanƙyashe, yana kuwa yiwuwa, domin kaza da zabuwa duk tsuntsaye ne, tsarin ƙwansu ɗaya. A nan ne mai kiwon kunkuru yake ruɗuwa, ya zaci ƙwai duk ƙwai ne. Ƙwan tsuntsu yana da waɗansu murɗaɗɗun igiyoyi guda biyu da ke riƙe da gwaiduwa a tsakiya, ta yadda ko ta wane gefe aka mirgina shi ɗan tayin yana komawa sama, kaza kuma takan juya shi sau da yawa a yini, a zafin da ya kusa digiri 38, har kwana 21, domin kada tayin ya manne wa ɓawo. Ƙwan kunkuru ba shi da waɗannan igiyoyi, mannewar da kaza ke gudu kuwa ita ce sharaɗin rayuwarsa. Tun yana cikin uwar tayin kan fara ginuwa, sa'an nan ya dakata saboda ƙarancin iskar shaƙa a hanyar ƙwai. Da zarar an saka shi, iska ta shiga ta ƙananan ƙofofin ɓawo waɗanda ido ba ya gani, sai ya farka, cikin yini ɗaya ko makamancin haka gwaiduwa ta kwanta ƙasa, tayin ya taso sama, tantaninsa ya liƙe wa ɓawon daga ciki, wurin ya bushe ya yi fari fat kamar an shafa alli, farin nan kuma ya riƙa yaɗuwa kwana bayan kwana. Ta wannan wuri yake numfashi. Idan aka kifar da ƙwan bayan haka, ko dai tantanin ya yage, ko nauyin gwaiduwa ya danne tayin, ya mutu ba tare da wata alama ta bayyana a waje ba, mai gida ya yi ta jiran baragurbi wata huɗu. Colin Limpus da abokan aikinsa sun jarraba wannan a kan ƙwan kunkurun teku a jihar Kwinslan ta Ostireliya, suka bayyana a shekarar 1979 cewa juya ƙwai tsakanin sa'a 12 da kwana 14 bayan saka shi yana kashe da yawa daga cikinsa.

Wanke ƙwan ma illa ne, domin ruwa na iya tura ƙazanta cikin waɗancan ƙofofi. In ya ɓaci da ƙasa, a bar shi da ƙasarsa.

Zafi, da abin da yake yankewa

Wannan shi ne babin da ya fi cancantar a dakata a kansa, ya kuma kamata mu mutanen Afirka ta Yamma mu san cewa a yankinmu aka fara buɗe shi. A shekarar 1966 Madeleine Charnier, tana aiki a Jami'ar Dakar, ta lura cewa ƙwan ƙadangare, irin wannan mai jan kai da ke hawa katangunmu, yawan maza da matan da ke fita daga cikinsa yana sauyawa gwargwadon zafin wurin da aka ajiye shi. Ba a ba maganarta muhimmanci ba a lokacin. A farkon shekarun 1970 Claude Pieau ya ga irin haka a Faransa a ƙwan kunkurun tudu da na kififiyar Turai, sa'an nan a shekarar 1979 James Bull da Richard Vogt a Amurka suka tabbatar da shi a kan waɗansu nau'o'in kififiyar kogi, inda ƙwan da aka riƙe a digiri 25 ya fitar da maza, wanda aka riƙe a digiri 30.5 kuma ya fitar da mata. Daga baya suka bi ramukan da iyaye suka haƙa a bakin kogi, suka tarar na inuwa maza suke bayarwa, na sarari kuwa mata. Babu abin da zai dami mai imani a cikin wannan, domin Allah shi ne Mai halitta namiji da mace, zafi kuwa sababi ne daga cikin sabubban da ya ɗora halittarsa a kansu, kamar yadda ya ɗora tsiro a kan ruwa.

An gano kuma cewa hukuncin ba ya yankuwa sai a sulusi na biyu na kwanakin ƙyanƙyasa, lokacin da gaɓoɓin haihuwa ke fara rarrabuwa; idan zafi ya yi sama a wannan tsakani, wani sinadari da ake kira aromatas yakan yawaita, ya mayar da sinadarin namiji ya koma na mace, sai gaɓar ta zama ta ƙwai, idan kuwa ya yi ƙasa sai ta zama ta namiji. Girman al'amarin ya bayyana a shekarar 2018, sa'ad da masu bincike suka duba koren kunkurun teku da ake ƙyanƙyashewa a arewacin babban murjanin Ostireliya, suka sami fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙananansa mata ne, saboda yashin gaɓar ya ƙara zafi a shekarun baya. Ba kowane nau'i ne ya shiga wannan ƙa'ida ba, domin dangin kififiya mai laushin baya, waɗanda aka bincika daga cikinsu, jinsinsu daga gado yake zuwa, amma kunkurayen tudu suna ciki.

To, me wannan ke nufi ga mai kiwo? Yana nufin duk wanda ya zaɓi zafi guda ya tsayar da ƙwai a kansa dare da rana, ya zaɓa wa 'ya'yan jinsi ko bai sani ba, ba kuwa zai gane abin da ya yi ba sai bayan shekaru, domin ba a rarrabe namiji da mace a wannan dabba sai ta yi girma, lokacin da wutsiyar namiji ke tsawo, ƙirjinsa ya lotsa. Wanda ya wayi gari da maza ashirin ya shiga wahala, domin mazan kunkuru ba sa zama lafiya a wuri ɗaya, suna karo da juna har wani ya kifar da wani, wanda aka kifar a rana kuwa in ba a gan shi da wuri ba ajalinsa ya zo. Masu kiwo a ƙasashen waje sun saba riƙe ƙwan wannan kunkuru tsakanin digiri 29 da 32, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 90 zuwa 120. Idan zafin ya ɗore sama da 33 ko 34 sai a fara samun 'ya'ya masu karkataccen ƙoƙo, ko masu ɓawon baya fiye da ƙima, ko su mutu a ciki. Injin ƙyanƙyasar kaji, in aka bar shi a zafin da aka saita shi, ba zai bar ko ɗaya da rai ba.

A nan ne nake ganin an yi mana aron shawarar da ba tamu ba. Littattafan da ke koyar da wannan sana'a galibinsu an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, inda ƙwan kunkurun Sahel ba zai taɓa ƙyanƙyashewa a lambu ba, don haka tilas su nemi inji. Mu abin tsoronmu zafi ne. A Kano ko Damagaram daren hunturu kan sauko ƙasa da digiri 15, azahar ɗin bazara kuma ta haura 40, ɗakin kwano ya fi haka. Injin da ke dogara da wutar lantarki, wadda kowa ya san halinta a garuruwanmu, yana iya ɗumamawa amma ba ya sanyayawa, yini ɗaya na watan Afrilu ya isa ya hallaka aikin wata uku. Ƙasa kuwa, a zurfin da uwar ke binne ƙwanta, tana shanye mafi yawan wannan hawa da sauka, ba ta ɗaukar zafin rana da sauri, ba ta kuma sakinsa da sauri, sa'an nan ƙwan da ke saman rami ya ɗan fi na ƙasa ɗumi, wanda hakan ke ba da damar a sami maza da mata a ciki guda.

Tsaron rami, da hukuncin larura

Haƙƙin farko da ke kan mai kiwo yana gabatar ƙwan ma kansa, shi ne ya tanadar wa macen ƙasar da za ta haƙa. Gidajen birni yanzu an shafe tsakar gidansu da siminti, macen da ta ɗauki ƙwai ta yi ta kai da kawowa, ta bar cin abinci, tana kartar daɓe da ƙafafun baya, in ba ta sami wuri ba ko dai ta zubar da su a kan siminti su fashe, ko ta riƙe su a ciki har su zame mata cutar da ke kisa, wadda sai likitan dabbobi ke iya warwarewa. A ware mata fili mai ƙasar jigawa, wanda zurfinsa ya kai rabin mita, rana tana samunsa, ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, idan ta fara haƙa kuma a hana yara taruwa a kanta. Bayan ta rufe ta tafi, sai a kifa kejin ragar waya mai ƙananan idanu a kan wurin, a nutsa gefunansa cikin ƙasa domin kada gafiya ko damo ko kare su tona, a rubuta ranar, a daina zuba ruwan wanke-wanke a kusa, kada kuma a barbaɗa maganin ƙwari a bisa. Ƙwan da ke cikin ƙasa ya fi na inji jinkiri, domin sanyin hunturu kan rage masa sauri, 'ya'yan ma bayan sun fasa sukan zauna a ramin har ruwan farko ya tausasa ƙasa, su fito su tarar da ɗanyar ciyawa; saboda haka kada wanda ya ƙirga kwana 120 ya ɗauki fartanya. Abin da ake bukata shi ne a riƙa leƙa kejin safe da yamma idan damina ta gabato, a kuma yi masa 'yar inuwa a gefe guda, kada su fito rana ta gasa su a ciki.

Larurar da ke halatta tonowa sananniya ce: ramin ya faɗo a ƙarƙashin indararo ko a makwararar ruwa, ko kwarkwasa da tururuwa sun yi gida a kusa, ko za a yi gini a wurin, ko wata macen tana neman haƙa a daidai nan. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa larura ana ɗaukarta gwargwadonta ne, haka nan ma a wannan babi. A yi aikin a ranar da aka saka ƙwan, cikin sa'o'in farko, kafin tayi ya manne. A tona da yatsu ko cokali a hankali. Kowane ƙwai, tun yana kwance a gurbinsa, a sa masa alama a samansa da fensir, ban da tawada. A ɗaga shi yadda aka same shi, a aza a kwano mai yashi domin kada ya gangara. Mafi kyau a ganina shi ne a haƙa wani rami a amintaccen wuri, mai irin zurfin na farko da irin ranarsa, a mayar da su. In wannan ya faskara, sai a nemi kwatarniya ko babbar tukunyar ƙasa, a zuba yashin kogi wanda aka wanke aka shanya a rana, a ɗan jiƙa shi gwargwadon yadda in an dunƙula zai haɗu amma ba zai ɗiga ba, a nutsa ƙwayayen fiye da rabi da 'yar tazara a tsakaninsu, a rufe da murfi mai ƙofofin iska, a ajiye a ɗakin ƙasa, domin shi ya fi riƙe yanayi guda. Ma'aunin zafi wajibi ne, a dasa shi daidai da ƙwan, a duba shi da asuba da azahar da bayan isha'i. Da hunturu a lulluɓe tukunyar ko a ɗumama ɗakin kaɗan, da bazara a yayyafa ruwa a bayanta da daɓen da take kai. Damshin iskar da ake nema kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ne, ruwan da za a ƙara kuma a gefen yashi ake zuba shi, kada ya taɓa ɓawo, domin ƙwai mai taurin ɓawo in ya sha ruwa da yawa tsagewa yake yi. Na kififiyar tabki, mai ɓawo kamar fata, shi ya fi son damshi, har Gary Packard da Mary Packard sun nuna a Amurka cewa irin wannan ƙwai yana shan ruwa daga ƙasa, wanda ya sami isasshe kuma ɗansa ya fi girma.

Bayan mako uku ko huɗu ana iya haska ƙwan da ƙaramar tocila a cikin duhu, ba tare da an juya shi ba, a ga jijiyoyin jini sun shimfiɗu a sama. Wanda bai nuna kome ba kada a yi gaggawar yar da shi, sai in ya yi wari ko ya fashe, domin akwai nau'o'in da tayinsu kan yi dogon barci, kamar kunkuru mai zanen damisa na gabashi da kudancin Afirka, wanda ƙwansa wani lokaci kan haura shekara bai fasa ba.

Fitowa da reno

Idan lokaci ya yi, ɗan yakan tsaga ɓawon da wani ɗan tsini da ke kan hancinsa, wanda ke faɗuwa daga baya, sa'an nan ya zauna a ciki kwana ɗaya, ko biyu, ko fiye, yana numfashi, jikinsa da ya naɗe yana miƙewa, ragowar gwaiduwar da ke rataye a cibiyarsa tana shigewa ciki. Wannan shi ne wuri na biyu da hannun mai tausayi ke yin kisa, domin wanda ya ɓare masa ɓawo ya ciro shi yana iya fasa gwaiduwar, ita ce kuwa guzurinsa na kwanakin farko. In ya fito da ragowarta, a aza shi a kan tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a tsare shi daga ƙuda da tururuwa har cibiyar ta rufe. Tsawonsa a ranar bai wuce santimita 5 ba, ƙoƙonsa da taushi, shirwa da hankaka da ɓera duk suna iya ɗauke shi, saboda haka wurin renonsa ya kasance a rufe da raga, rabi rana rabi inuwa, da ɗan kogo mai damshi da zai shiga. A riƙa sa shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai kai haɓarsa ba, ya sha na ɗan lokaci a fitar da shi. Mutane suna zaton tun da dabbar hamada ce ba ta bukatar laima, alhali kuwa a daji da damina take fitowa, rami mai damshi kuma take kwana. Masu bincike Wiesner da Iben sun jarraba wannan a Biyana a shekarar 2003 a kan 'ya'yan wannan kunkuru, suka ga waɗanda aka rena a busasshiyar iska su ne bayansu ya fi yin tudu-tudu. Abincinsa ciyawa ce, irin su gude-gude da harkiya, da ɗanyen ganye, da ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa domin ƙarfin ƙashi, hasken rana kuma shi ke sa jiki ya amfana da shi. Ragowar tuwo da burodi da nama suna sa shi girman gaggawa mai lalata ƙoƙo da ƙoda. Ya kamata a faɗa wa iyaye mata cewa kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsa ko da lafiyarsa lau, har Amurka ta hana sayar da waɗanda ba su kai santimita 10 ba tun shekarar 1975 saboda yara na sa su a baki. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada kuma a wanke kwanonsa inda ake wanke na abinci.

Saura tambayar da ya kamata a yi tun kafin a kifa keji: ina za a kai su? Dabbar da kan rayu shekara 70 ko fiye, wadda cikin shekaru kaɗan za ta fi ƙarfin ɗauka, tana haƙa ƙarƙashin katanga, amana ce da magada za su gada, hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha kuwa ya ishe mu gargaɗi game da dabbar da aka killace. Wanda ba shi da fili ya raba namiji da mace, tare da sanin cewa macen tana ajiye maniyyi a jikinta shekaru, ta ci gaba da saka ƙwai mai rai bayan an raba su. Sakin 'ya'yan a daji kai tsaye ma ban yarda da shi ba, domin na gida kan ɗauki cuta da kaska ya kai wa ɗan abin da ya saura a can, ba a kuma san daga wane yanki iyayensa suka fito ba. Kaskar da ke jikin wannan kunkuru ce ma ta sa Amurka ta hana shigar da shi ƙasarta a shekarar 2000, don tsoron cutar da take sa wa shanu da tumaki. Mutanen Sanigal sun nuna hanya: a Noflaye, kusa da Dakar, akwai ƙauyen kunkuru da aka buɗe a shekarar 2001, wanda Tomas Diagne yana cikin waɗanda suka kafa shi, inda ake karɓar kunkurayen gidaje, a duba lafiyarsu, a hayayyafa su, daga nan kuma aka fara mayar da waɗansu gandun dajin Ferlo a shekarar 2006, ana bin sawunsu. Roƙona ga sassan nazarin dabbobi na jami'o'inmu da hukumomin gandun daji a Nijeriya da Nijar shi ne su tanadi irin wannan wuri, su kuma buga takarda da Hausa, boko da ajami, a raba wa masu kunkuru a gida, wadda za su riƙa cika ta da ranar saka ƙwai, da adadinsa, da zurfin ramin, da ko rana ko inuwa yake, da zafin ƙasar a kowane mako, da ranar fitowa, da adadin waɗanda suka fito, da sunan kasuwa ko garin da aka samo iyayen.